Yarona ya tsorata da biri, yanzu ko bakin gona ba ya zuwa

Assalamu alaikum iyaye. Don Allah ina neman shawara.

A hutun ƙarshen shekara muka kai yaranmu uku gandun dajin Yankari, can jihar Bauchi. Manyan biyu ba su so a dawo ba. Sun ga gadu yana kiwo a durƙushe kusa da masauki, sun wuni a ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa.

Matsalar autana ce, ɗan shekara 4. Laifina ne ma, ni na miƙa masa burodi a fili alhali an gargaɗe mu. Kafin in ce kwabo wani ƙaton biri ya diro, ya fizge ledar daga hannunsa ya haye bishiya. Ko ƙwarzane bai ji ba, amma ihun da ya yi har yau yana kunnena.

Wata 3 ke nan. Da ya ga bishiyoyi sun yi duhu sai ya ƙanƙame zanena. Gonar kakansa da yake kuka a kai shi, yanzu ko mota ba ya yarda ya sauka. Na yi lallashi, na yi addu'o'i, na nuna masa hotunan birai a waya, ya ture.

Babansu ya ce a koma da shi Yankari kawai, zai saba. Ni kam hankalina bai kwanta ba. In tilasta masa, ko in bar shi wajen kakarsa mu tafi da yayyensa? Wadda ɗanta ya taɓa irin wannan firgita, yaya kika yi?