Hoton manoman Van Gogh na kwaikwaya, duk ya koma kalar laka

Maman Hanif: Salam 'yan uwa, dan Allah ku ban shawara. Wata uku kenan ina koyon zane da fentin akirilik, sai na ce bari in kwaikwayi hoton nan na Van Gogh, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holland, da wani manomi da matarsa suke barcin rana a gindin tarin ciyawa, saboda ruwan ɗorawa da ruwan goron da ke ciki sun min kyau, to ni dai da na zo sa inuwa na zuba baƙi sai komai ya koma kamar kunun da ya kwana, mutanen ma ba a gane su, maigidana cewa ya yi buhunan masara ne na zana.

Baffa Mai Zane: Baƙin nan ne ya cuce ki Hajiya. Baƙi in ya haɗu da ruwan ɗorawa wani kore-kore mai datti yake bayarwa. Koma ki ƙara kallon hoton, kayan jikinsu shuɗi-shuɗi ne, sama ma shuɗi, shi ya sa ciyawar take ci kamar wuta. Inuwar ki haɗa ruwan ƙasa da ɗan shuɗi kaɗan kawai.

Ummi Zariya: Anti kar ki karaya wallahi, shi kansa Van Gogh ɗin kwaikwaya ya yi, hoton wani mai zane Bafaranshe, Millet, ne mai baƙi da fari ya duba lokacin yana jinya a asibitin Saint-Rémy a Faransa, wajen ƙarshen 1889 zuwa farkon 1890, kalolin shi ya zaɓa da kansa. Ni da nake yi sai na ja layuka gida-gida a hoton da kuma kan yadin da zan yi zanen, in fitar da jikin mutum da fensir tukuna kafin in taɓa burushi, in ba haka ba ƙafa ta fi gangar jiki tsawo.

Abban Sadik: Kuma akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, ga hunturun nan kafin ki juya ya sandare a faranti. Ki ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa kusa.

Maman Hanif: Na gode Allah ya saka. To wannan na jefar ne ko zai gyaru?

Baffa Mai Zane: Haba, yadi da tsada haka? Bari ya bushe ki shafe shi da ruwan ƙasa mara kauri ki sake hawa kai. Ki fara da takalman mutumin da laujen da ke gefensa, hannunki zai saki kafin ki je kan mutanen.