Gaba na miƙewa da asuba, amma yana kwanciya a wurin iyali: mene ne mataki na gaba?

Assalamu alaikum, likitoci da masu ba ma'aurata shawara. Ina neman ra'ayinku kan matsalar da ke yawaita tsakanin angwaye 'yan shekara 25 zuwa 35 da suka daɗe suna kallon batsa a waya tare da istimna'i, wato biya wa kai buƙata da hannu.

Gaba na miƙewa da asuba, yana miƙewa a gaban waya, amma da an zo saduwa sai ya saki, ko a daɗe maniyyi bai fito ba. Sukari da hawan jini lafiya lau, testosterone (sinadarin mazakuta a jini) da aka auna da safe daidai, ba tramadol, ba maganin damuwa irin su paroxetine masu jinkirta inzali. Ke nan da alama jijiyoyi ba su da laifi. Zargina ya fi karkata ga sabo da matsewar hannu mai ƙarfi da saurin sauya hoto, sai fargabar kasawa ta ɗora nata.

Sildenafil (ƙwayar taimaka wa miƙewar gaba) 50mg awa ɗaya kafin saduwa, ba bayan abinci mai maiƙo ba, yakan gyara miƙewa, amma jinkirin inzali yana nan, shi kuma angon ya koma jin in babu ƙwaya ba zai iya ba.

A nan na maƙale: a yanke kallon da istimna'in lokaci guda, ko a rage sannu a hankali? Makonni nawa ake jira kafin a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa? Kuma yaya ake shigo da matar cikin maganar, alhali tana ganin ita ce ba ta gamsar da shi, shi kuwa kunya ta hana shi faɗa mata dalili?