Boskwatar katako a bayan gida: yadda aka kwashe a zauren 'yan Agege

Baban Walid: Salamu alaikum. Wallahi yau raina ya ɓaci. Ina da ɗan fili a bayan gida, nake son yi wa Hajiyata boskwata, ɗaki da falo da banɗaki, ta huta da hawan bene in ta zo daga Katsina. Na ce da katako zan yi, irin wanda ake jera falankai hawa uku ko biyar, kowane hawa a gicciye kan na ƙasansa, a shafa gam a matse su zama bango guda mai kauri. CLT ake ce masa, a Ostiriya da Jamus aka fara shi a shekarun 1990. Tun a masana'anta ake yanke gurbin ƙofa da taga, a zo a ɗaura cikin 'yan kwanaki. Birkilan da na kira ya tuntsure da dariya a gaban yarana, wai zan sa mahaifiyata a akurki. Ni kuwa na ce ginin nan ya fi na bulo ɗorewa, don siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon dioxide, wanda ke ɗumama duniya.

Alhajin Bulo: Ɗorewa? Katako ya fi bulo ɗorewa, a Legas ɗin nan da ruwa ke kwana yana zuba? Haba Baban Walid, ka ji tsoron Allah.

Baban Walid: Alhaji ba ita nake nufi ba. Ɗorewar muhalli nake faɗa. In an sare bishiya a sake dasa wata.

Malam na Sakkwato: To ai ba Hausa ka yi ba ɗana. Abu ya ɗore, wato ya daɗe bai lalace ba. Ku 'yan boko kun ɗauko kalma kun ɗora mata kayan da ba nata ba.

Abba Kwamfuta: Malam, kullum a rediyo "ci gaba mai ɗorewa" ake cewa. Su ma ba su iya Hausa ba?

Malam na Sakkwato: Rediyo ce ta haife ka?

Injiniya: Ko a ma'anar Malam ɗin maganar ba ta faɗi ba. A Norway akwai bene hawa 18 na katako, tsayinsa ya haura mita 85, an gama shi a 2019. Kuma katako mai kauri in wuta ta kama shi, bayansa ne ke zama gawayi, gawayin ya tare wutar, cikin ya jima yana riƙe da nauyi.

Alhajin Bulo: Norway akwai gara? Je ka tambayi masu katakon Oko Baba ta Ebute Metta sau nawa gobara ta tashe su, sannan ka dawo ka yi min zancen gawayi.

Maman Fati: Ni dai in gidan katako ake so ga Makoko nan, unguwar talakawa da ke kan ruwa. Uwa ta haife ka ta raine ka, ka ce katako? Mutane su ce me?

Baban Walid: Maman Fati kada ki sako Hajiyata a ciki. Don ita nake yi.

Abba Kwamfuta: Benen nan hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard, Ikoyi, a Nuwamban 2021, da katako aka yi shi? Kankare ne da rodi. Alhaji kasuwarsa yake karewa.

Alhajin Bulo: Yaro, shekara 26 ina buga bulo, babu ginin da na ba wa kaya ya faɗi. Ka janye maganar nan ko in kira babanka.

Bakano: Duk kun manta da azara. Kakanninmu da giginya suke rufin soro, gara ba ta cinta. Ku je Gidan Makama ku gani.

Ɗan Marusa: Komai sai ku ce Kano. Hasumiyar Gobarau fa? 

Bakano: Gobarau ƙasa ce, muna zancen itace.

Ɗan Marusa: Gidan Makaman da gilashi aka gina shi?

Injiniya: Baban Walid, ga abin da zai amfane ka. Babban abokin gabar katakon nan danshi ne. Ka ɗaga shi a kan dakalin kankare, kada ya taɓa ƙasa, ka bar inda za a riƙa leƙawa a ga hanyar gara. Kwanon rufi ya fito sosai ya kare bango daga feshin ruwa, a yi tagogi masu kallon juna iska ta ratsa. A sa wa katakon magani. Ka nemi izinin gini kafin ka haƙa komai. Sannan ka lissafa kuɗin: in ta tashar jiragen ruwa ta Apapa zai shigo, da dala za ka biya, ga kwastan, ga tafiyar jirgin da ke rage ribar muhallin da kake nema.

Malam na Sakkwato: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. "Ɗore" daga ina ta samo muhalli?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka cim ma: jama'a sun haɗu a kan cewa katako ba ya ɗorewa a Legas, shi kansa Injiniya ya yarda gara da danshi za su cinye shi, kuma sai an kafa shi a kan kankare. Malam ya gyara mana Hausa, mun gode. Abba ya ba wa yayana Alhaji haƙuri yau ɗin nan. Mai buƙatar bulo ya san inda zai je.

Baban Walid: Shugaba ba haka Injiniya ya ce ba, kowa ya koma sama ya karanta. Injiniya, na turo maka awon filin, ƙafa 20 ne da 16. Dakalin ya kai tsayi nawa?