Neman shawara: wane littafi zan fara saya don shirya wa'azi?

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni mai karatu ne a wata ƙaramar majami'ar Angilikan nan Kumasi wajen Asawase, Fada ya ɗora min sujadar Hausa ta yamma saboda mutanenmu na arewa da ba sa jin Turanci ko Tuwi sosai, yawanci 'yan kaya ne na kasuwar Kejetia da masu gadi. Abin da nake da shi Littafi Mai Tsarki na Hausa ne da na Turanci na King James da wani tsohon sharhin Littafi Mai Tsarki na Matthew Henry da aka ba ni kyauta. Kuɗin hannuna littafi ɗaya zai saya, in an matsa biyu. Don Allah me zan fara da shi? Damuwata ita ce kar in tsaya gaban mutanen Allah ina faɗin abin da nassin bai faɗa ba.

Baba Katikis: Ɗana sannu da aiki. Kafin ka taɓa aljihu je ka karɓi jadawalin karatu na shekara wurin Fada. Mu Angilikan ba ma zaɓar ayar da ta yi mana daɗi, kowace Lahadi an riga an tsara Tsohon Alkawari da Zabura da Wasiƙa da Bishara. In na shekara uku kuke bi, shekarar A Matiyu ce, B Markus, C Luka, Yahaya kuma ana sako shi musamman lokacin Ista. To ka ga in ka san Bisharar da za ku daɗe a cikinta ka san sharhin da za ka nema. Ka kuma riƙa karanta addu'ar ranar da ke cikin littafin addu'a, sau da yawa ita ke nuna maka inda karatun ya dosa.

Ɗalibin tauhidi daga Legon: Yayana in ɗaya ne tak ni dai sharhin nan Africa Bible Commentary zan ce. Ya fito 2006, Tokunboh Adeyemo ne babban edita, masana 70 'yan Afirka suka rubuta, kundi ɗaya daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, ga kuma gajerun rubuce-rubuce kan abubuwan da mutanenka ke fama da su kamar maita, gwauraye, bashi, biso. An ma fassara shi da Hausa a Najeriya, in kana da mai zuwa Jos ka yi saƙo. Na Turancin ka leƙa kantin littattafai na Challenge a Adum. Matthew Henry kuwa a ajiye shi gaskiya, mutumin ya rasu tun 1714, Turancinsa ma wahala ne.

Baba Katikis: A'a yaro, ban yarda a ajiye shi ba. Ba zai ba ka labarin ƙasa da tarihi kamar na zamani ba, amma wajen taɓa zuciya har yau ban ga kamarsa a Zabura ba. Ya karanta shi daga ƙarshe, bayan ya gama nasa nazarin, kuma kar ya kwaso misalan Ingila ya kawo Zongo.

Mama ta Zumuntar Mata: Ni ba mai wa'azi ba ce, mai zama a benci ce, amma bari in sa baki. Yaran nan mata tun asuba tasa na kansu, kafin su zo sujada wuya ya riƙe ƙafa ta kumbura, in ka fara jero musu wane ya ce wane ya ce wallahi barci za su yi kuma ba laifinsu ba ne. Akwai wani Fada da ya yi mana Basamariye mai kirki a Luka 10, ya ce hanyar Urushalima zuwa Yariko gangara ce ta wajen kilomita 27 cikin duwatsu inda 'yan fashi ke laɓewa, daga nan ya tambaye mu wa ya taɓa ganin an faɗi a tashar mota mutane na tsallakewa. Wata yarinya ta ɗaga hannu tana hawaye, ita ce ta taɓa faɗuwa da kayan. A littafi ya samo maganar hanyar, amma bai ambaci sunan littafin ba ko sau ɗaya.

Wani Fada daga Akra: Ɗan'uwa na goyi bayan kundi ɗayan nan na Africa Bible Commentary. Na biyu in kuɗi ya samu, ƙaramin sharhin Bisharar shekarar, na William Barclay ko na Tom Wright, ana dacewa da kwancensu da araha wurin masu baza littattafai. Barclay gwani ne a al'adun zamanin Yesu, sai dai ka yi hattara da shi wajen mu'ujizai, yakan sassauta su. Strong's, littafin neman kalmomi a cikin nassi, kar ka saya, da King James yake tafiya kuma kyauta yake a waya. Tsari na kuma: Litinin da Talata nassi kawai, da Hausa, da ƙarfi, kana rubuta tambayoyinka. Laraba ka buɗe sharhi. Kafin Asabar ka kai wa Fadanka ya duba, da izininsa kake hawa bagade.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka. Gobe zan karɓi jadawalin in wuce Adum in ji farashi. Mai hanyar Jos kafin Kirsimeti don Allah ya yi min magana, na Hausan nake so.