Ice, kango ko ƙashi? Neman sunan abin da ke cikin sirdin kaboyi

1/ Jama'a, sallama. Ina neman gudummawar masu Hausa a baki, musamman dukawa da mahaya. Wata bakwai ke nan ina fama da haɗa sirdi na farko a rayuwata, a garejin gidan da nake haya a nan jihar Teksas. Duk Juma'a nakan kira Baffana a Kano, wanda ya tsufa a dukanci, in ba shi labarin inda aiki ya kwana. Da na fara bayani sai bakina ya cika da Turanci, shi kuwa ko "zo in kashe ka" ba ya ji. Makon jiya ya gaji, ya ce in ba zan yi masa Hausa ba in kashe waya in bar masa cajinsa.

2/ Sunan sirdin kansa bai ba mu wahala ba. Turawa suna ce masa "western saddle". Na fara da "sirdin yamma", Baffa ya ce yamma ina, Ikko? Yana da gaskiya. Ko an ce ana nufin ƙasashen Yamma ne, ai ɗan siririn sirdin nan na Ingila da ake wasan folo da shi ma na can ne. Yammar da suke nufi ita ce yammacin Amurka, ƙasar shanu. "Sirdin makiyaya" ma bai zauna ba, don makiyayin da muka sani a ƙasa yake bin shanunsa, sanda a kafaɗa. Sai muka tsaya a "sirdin kaboyi". Duk wanda ya taɓa shiga sinima a Kano ko Kaduna ya san kaboyi, ya san hularsa, ya san igiyar da yake wulwulawa. Wannan an rufe shi.

3/ Na ƙi "sirdin Amurka" da gangan. Asalin abin daga makiyayan Meziko ne, waɗanda ake kira bakero da Sifananci. Mutanen Sifen ne suka kawo dawaki yankin; a 1519 jagoran yaƙinsu Hernan Kortes ya sauka gaɓar Meziko da dawaki 16. Su kuma Sifaniyawan wani ɓangare na hawansu daga Arewacin Afirka suka koyo shi, har kalmarsu ta mahayi, hinete, daga sunan ƙabilar Zanata ta Barbarawa ta samo asali. Mu ma ta can kayan dokinmu suka biyo: sirdi, likkafa, linzami, duk Larabci ne da ya sha ruwan Hausa. Ashe 'yan uwa ne na nesa, ɗaya ya ƙetare teku, ɗaya ya ƙetaro Sahara.

4/ To ga inda gizo ke saƙa. A cikin kowane sirdin kaboyi akwai wani abu da ba a gani, wanda komai a kansa ake ɗora shi. Turawa suna ce masa "tree". Ranar da nawa ya iso a kwali na ɗaga shi ina juyawa kamar wanda aka miƙa wa jariri. Katako ne aka sassaƙa guntu-guntu aka haɗe: alluna biyu dogaye masu kwanciya hagu da dama a gadon bayan doki, su bar tsakiya fili don kada nauyi ya sauka a ƙashin baya, tudu a gaba, majingina a baya, sai wani ɗan gungume a tsaye a kan tudun gaban. Duka an lulluɓe su da ɗanyar fatar sa, wadda ba a jeme ba. Da jiƙonta ake ɗinke ta a jikin katakon, in ta bushe sai ta tsuke ta ƙanƙame shi. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ƙara take kamar busasshiyar ƙwarya, launinta kamar na ganga, ana hango ƙwayar katakon ta ciki.

Sabon shiga irina ba ya sassaƙa wannan da kansa. Sana'a ce daban, akwai masu ita, kuma ƙwararrun masu haɗa sirdi ma galibi saya suke yi. Kai dai ka faɗi faɗin bayan dokinka da girman mazauninka. Nawa inci 15 da rabi ne.

5/ Na kunna bidiyo na nuna wa Baffa. Ya ce in matso da shi, in juya, in kifa. Can ya ce ai wannan shi ne sirdin. Na ce Baffa, ku yi haƙuri, wannan cikinsa ne kawai, ban fara aiki ba tukuna. Ya ce a wajenmu masassaƙi ne ke fitar da sirdi, a rufe shi da fata, sauran kuwa, su zubka da jalala, kaya ne da ake shimfiɗawa a kwashe bayan an sauka.

Wannan maganar ce ta buɗe min ido a kan dalilin da ya sa kalmar ta ƙi zuwa bakina. A hawanmu icen a fili yake, shi ne sirdin, ado kuma na cirewa ne. A na kaboyi kuwa fata ce ake mannawa, a buga da ƙusa, a ɗinke a jikinsa har abada, ya ɓace a ciki. Abin da ya ɓuya a ciki, ake sayensa daban, ake iya karya shi daban, dole ya sami sunansa daban.

6/ "Bishiyar sirdi" ko tattauna ta ba za mu yi ba. Wani ɗan uwa ya kawo ta da na fara tambayar sunan wannan abu a Hausa, Allah ya saka masa, amma wanda ya ji sai ya ɗauka akwai bishiyar da ke 'ya'yan sirdi a daji.

7/ "Icen sirdi" ita ce ta fi samun magoya baya, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. A tsohon Turanci wannan kalma tana nufin bishiya, tana kuma nufin katako, daidai yadda ice ko itace yake a Hausa: na tsaye a daji ice ne, na murhu ma ice ne. Wato fassara ce da ta faɗo a kan gaɓa ba tare da an tilasta ta ba. Na yi kwana uku ina amfani da ita.

Abin da ya sa na saki: ba duka ne na ice ba yanzu. Sirdunan kanti masu araha da yawa na roba mai tauri ne da aka zuba a ma'auni, wasu kuma katako ne aka rufe da zaren gilas a maimakon ɗanyar fata. Na san za a ce ai muna cewa gilashin ido ko da na roba ne. Haka ne. Amma a wannan sana'a tambayar farko da mai saye ke yi ita ce na ice ne ko na roba, kuma "icen sirdi na roba" ba ta da daɗin ji. Ga kuma 'yan boko da ke karanta "ice" a rubuce su ga ƙanƙara.

8/ Wata baiwar Allah daga Damagaram ta kawo "kangon sirdi". Wallahi ta burge ni, don abin da ke kan bencina a watan farko kango ne sak: gini ya tashi, babu rufi, babu yaɓe. Sai dai kango yakan daina zama kango ranar da aka rufa shi aka tare. Wannan kuwa bayan shekara talatin ana hawa yana nan yana ɗauke da mahayi, kuma sunan nasa bai canja ba. Ba ka cewa kangon gidana ya tsage alhali kana kwana a ciki.

9/ Ni dai "ƙashin sirdi" na zaɓa, ga kuma abin da ya kai ni.

Kafin in fara nawa, na sayi wani tsohon sirdi a gwanjo don in farke shi in ga yadda aka jera fatun. Mai sayarwa ya rantse lafiyarsa ƙalau. Wani dattijo mai gyaran sirdi da nake zuwa wajensa ranar Asabar ya karɓa, ya kafa gabansa a ƙasa, ya danna bayan da tafin hannu biyu. Sai ga abu ya lanƙwasa ya yi ɗan kuka, ƙiii. Ya ce a karye yake. Daga waje fata sumul, zanen furanni tsaf, babu alamar komai. Da na farke, allon hagu ya rabe biyu a daidai inda maɗaurin likkafa ke ratsawa. Irin wannan in aka ɗora wa doki, miki zai yi masa a baya.

A hanyar komawa gida na ji kaina ina cewa: ƙashinsa ne ya karye. Ban yi shawara da kowa ba, haka ta fito. Yana ciki ba a ganinsa, fata ce ta rufe shi, shi ke ɗauke da nauyi, shi ke ba jiki siffa, in ya karye kuma komai kyan fatar an gama. Na ice ne ko na roba, duk kalmar ta ɗauke su. Ta ma zo da 'ya'yanta: allunan nan biyu sai su zama haƙarƙarin sirdi, tunda a saman haƙarƙarin doki suke kwanciya.

10/ Na sani, na sani. Tun kafin ku faɗa. Duk wanda wayarsa ba ta da ƙ mai lanƙwasa zai rubuta wani abu daban, kuma tuni wasu suka fara dariyar. A baki babu mai ruɗewa. A rubuce kuwa ba za mu yar da kalma mai kyau don kasalar sauke allon rubutun Hausa ba. Kyauta ne, minti biyu ne. Ƙashin baya ma haka muke fama da shi shekara da shekaru, ba wanda ya ce a sake masa suna.

11/ Gaba da baya ba sa bukatar ƙirƙira. Muna da kwacciya tun kaka da kakanni, ta gaba da ta baya, wato tudun gaba da majinginar baya. Majayi, ɗamarar da ke ɗaure sirdi a jikin doki, yana nan, likkafa tana nan, ko da yake tasu ta katako ce da aka naɗe da fata, ba irin faffaɗar tamu ta ƙarfe ba.

12/ Ɗan gungumen nan na gaba ne ya ɗan ja mu. Turawa suna ce masa "horn", kuma "ƙahon sirdi" ba laifi, ana ganewa. Amma ku dubi aikinsa. Mutane da yawa suna zaton mariƙi ne na mai tsoron faɗuwa. Kaboyi in ya jefa igiya ta kama maraƙi, nan take yake naɗa ɗaya bakin a jikin wannan abu, doki ya turje, nauyin dabbar ya koma kan sirdi. Shi ya sa ake yawan yin sa da ƙarfe a ɗaure shi da kusoshi a cikin kwacciyar gaba, a naɗe wuyansa da fata ko yankin tsohuwar robar taya don igiya ta kama. Shi ya sa kuma sirdin aiki yake da nauyi, kilo 15 zuwa 20, don ya jure fizgar sa. Farkon abin da ake koya wa yaro a nan shi ne ya ɗaga babban yatsansa sama lokacin naɗi, domin igiyar takan cire yatsa ɗungurungum.

Abin da ake ɗaure dabba a jikinsa ta kasa tafiya, me Hausa ke ce masa? Turke. "Turken sirdi". Da na faɗa wa Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce to turken ma yau ya hau doki. Bai ƙi ba.

13/ Fatun nan biyu manya da ke ƙarƙashin ƙashin, waɗanda ake yi wa shafi da buzun tunkiya, Turawa suna kiransu da sunan siket na mata. Mu bar musu kayansu. Ni "shimfiɗa" nake cewa.

14/ Ga masu tambayar aikin kansa: ɓari biyu na ƙirgi na saya, wato kusan fatar sa guda, mai kaurin milimita 5 zuwa 6, jemammiya da ɓawon itace. Dangin jimarmu ce ta bagaruwa, shi ya sa take shan ruwa ta yi laushi, a siffanta ta, ta bushe a haka. Akwai majema a birnin Sant Luwis na Amurka, Hermann Oak, da ke wannan jima tun 1881, kuma masu haɗa sirdi da yawa nata suke nema. Rufin kwacciyar gaba sau biyu na yanka. Na farko na jiƙa shi fiye da kima, na yi ta ja, ya miƙe ya yi siriri a gefe guda, ramin turken ya goce da kusan inci guda. Na zauna a ƙasa ina kallon kuɗina. Ɗinki kuwa allura biyu ne a zare ɗaya mai kakin zuma, basilla ta huda, allurai su ratsa rami guda daga fuska biyu. Wannan Baffa bai bari na ƙarasa bayani ba, ya ce tun kafin a haifi ubana yake yin sa.

15/ Saura guda da ta gagare mu. Akwai wata faffaɗar fata da ke saukowa daga gefen sirdi zuwa likkafa, tana tsakanin ƙafar mahayi da cikin doki, tana kare wando daga gumi da ƙaya. Turawa suna ce mata "fender". Na gwada "makarin ƙafa", Baffa ya ce kamar sunan magani. Wani ya kawo "garkuwar ƙauri", ta yi min tsawo a baki. Jibi zan yanka su, hagu da dama, kuma Juma'a zai tambaye ni me na yanka. Mutanen Katsina, Zazzau, Maraɗi, masu hawan Sallah, ku kawo ɗauki.