Ku da Kuka Ga 'Yan Gida Ɗaya a Filin Palermo, Me Idonku Ya Kama?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum masoya ƙwallon dawaki, wato polo. Daren jiya na sake kallon wasan ƙarshe na babbar gasar Ajantina ta 2022, wanda La Dolfina ta doke La Natividad. Karo na huɗu ke nan da nake kallonsa, kuma abu ɗaya ne ke tsaya mini a rai. Adolfo Cambiaso, yana da shekara 47, yana sukuwa a gaba, ɗansa Poroto mai shekara 17 yana aiko masa da ƙwallo daga baya. Abokan karawarsu kuma akwai Barto da Camilo Castagnola, 'ya'yan 'yar'uwar Adolfo. Mutum takwas a fili, huɗu jini ɗaya ne.

Ni dai ta allo kawai na san su. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa zama a Palermo, filin da ake buga gasar a birnin Buenos Aires, ko ya yi aiki a bargar irin waɗannan gidaje, ko ya buga da ɗan'uwansa a ƙungiya ɗaya, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Me suke gada ne? Jinin ne, ko dawakin?

Dattijon 'yan kallo:

Wa alaikumus salam, yarona. Kai ka fara da Cambiaso, mu kuwa da gidan Heguy muka buɗe ido.

A faifan bidiyo na fara saninsu, ina maimaitawa har hoton ya dusashe. Kakansu Antonio Heguy ya ci gasar a 1958. 'Ya'yansa biyu, Horacio da Alberto Pedro, su ne suka haɗu da 'yan'uwa biyu na gidan Harriott, Juan Carlos da Alfredo, a ƙungiyar Coronel Suárez, kowannensu yana da darajar gol 10, matakin ƙwarewa mafi girma da ake ba ɗan wasa, jimilla 40 cif, iyakar abin da ƙungiya za ta iya kaiwa. Sai jikoki suka taso suka rabu gida biyu. 'Ya'yan Horacio, wato Marcos da Bautista da tagwaye Horacio da Gonzalo, suka zama Indios Chapaleufú ta ɗaya, kuma a 1991 su huɗun suka ɗauki kofin, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Ya'yan Alberto Pedro, wato Eduardo da Alberto da Ignacio, suka zama ta biyu.

Allah ya nufe ni da zuwa Buenos Aires a ƙarshen 2004, na sami wuri a wasan ƙarshe, kuma gidajen biyu ne suka kara. Ta biyu ce ta yi nasara. Abin da ban taɓa lura da shi a faifai ba, sai da na zauna a wurin, shi ne ƙwallon da suke bugawa ba tare da waiwaye ba. Ɗan wasa yana cikin sukuwa, ƙwallo na bayansa, sai ya karkata a kan sirdi ya maka ta baya zuwa wani fegi da babu kowa. Kana shirin cewa ya yi asara, sai ka ga ƙaninsa ya riga ya juya goɗiyarsa ya nufi wurin tun sandar ba ta sauka ba. Na ga wannan ya fi a ƙirga a yinin nan. Matsalarsu ɗaya: waɗanda suke karawa da su ma tare suka tashi a Intendente Alvear, cikin lardin La Pampa, don haka duk dabarar da wani zai yi, ɗan baffansa ya san ta tun suna yara. Shi ya sa wasan ya yi zafi haka. Da ka ga yadda suke goga kafaɗar doki da doki don ture juna daga layin ƙwallo, ba za ka ce kakansu ɗaya ba.

Tsohon ɗan barga:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ku kun gani daga kujera, ni daga bayan doki na gani.

Na yi kaka biyu ina aikin barga a wata gona kusa da garin Pilar, a gefen Buenos Aires. Ba zan faɗi mai ita ba. Gida ne da uba ya yi wasan, 'ya'ya suna yi, jikoki suna tasowa. A can petisero suke kiranmu. Kafin gari ya waye mun ba da abinci, mun share, sannan mutum ɗaya ya hau doki guda ya ja huɗu a gefensa a zaga da su. Ranar wasa a naɗe musu ƙafafu, a ɗaure wutsiya don kada sanda ta sarƙe, geza kuwa dama a aske take.

Amsar tambayar mai buɗe zance tana cikin abin da nake gani kowace yamma. Yaro ɗan shekara uku ana ba shi guntuwar sanda, yana bin ƙwallo a ƙasa yana gudu. Ya kai biyar an ɗora shi a kan tsohuwar goɗiyar da ta gama gasa, wadda ta fi shi sanin wasan nesa ba kusa ba. Ita ce malamarsa ta farko: idan ƙwallo ta juya, ita ma ta juya, shi nasa kawai ya riƙe linzami kada ya faɗi. Daga nan sai gasar yara da suke kira Potrillos, ma'ana 'yan dukushi. Kafin ya cika 15 ya buga da masu gol 8 da 9 sau ɗaruruwa, domin su ne kawunnansa, a bayan gida suke atisaye. Wanda ya fara wasan yana ɗan 20, a ina zai samo waɗannan shekarun?

Abin da ya ɓata mini rai kuwa, akwai goɗiyar da na yi wata biyar ina jinyar jijiyar ƙafarta, ina kwana a bakin ɗakinta. Ta warke, ta buga, aka yaba ta a gaban jama'a. An ambaci mai ita, an ambaci uwarta da ubanta. Mu da muka tashe ta ko kallo ba mu samu ba. Kuma abokan aikina da yawa su ma gadon suka yi, iyayensu sun yi wa iyayen masu gidan aiki. Gida biyu ne ke tafiya tare, ɗaya ne kawai ake rubutawa a jikin kofi.

'Yar kallo daga rumfar gabas:

Malam, wannan magana taka ta taɓa ni, Allah ya saka maka.

Ni a 2021 na je, ranar da La Natividad ta kawo ƙarshen shekara takwas da La Dolfina ta yi a jere tana cin kofin, tun daga 2013. Yara biyu ne, Barto da Camilo, suka kayar da kawunsu Cambiaso. Kuma mahaifinsu, Lolo Castagnola, shi ne suka kafa La Dolfina ɗin tare da Cambiaso a 2000. Jama'a suna ta ihu, ni kuwa tunanin mahaifiyar yaran ne ya cika mini zuciya: 'ya'yanta a riga ɗaya, ɗan'uwanta a ɗayar, dawakai na gudu kamar iska, kowane karo sai gabanka ya faɗi. Ban san yadda mace take zama ta kalli wannan har caka takwas, wato zagayen wasa takwas, ba. Ni da ba ni da kowa a filin, tafin hannuna sai da ya jiƙe.

Kada kuma a manta da 'ya'ya mata. Mía Cambiaso, 'yar Adolfo, ta ci gasar mata ta Ajantina tun tana yarinya ƙarama.

Mai gol ɗaya:

Ni ƙaramin ɗan wasa ne, amma shekara tara muna bugawa da yayana. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, daga yadda ya zauna a kan sirdi na san inda zai buga. Sai dai akwai ɗaya fuskar. Baƙo idan ya yi kuskure kana haƙuri, ɗan'uwanka kuwa a take za ka faɗa masa, kuma maganar ba ta ƙarewa a fili, har gida take bin ku. Mun taɓa yin wata biyu ba ma gaisawa sosai saboda bugun fanareti ɗaya. Saboda haka da Facundo Pieres ya bar Ellerstina, ƙungiyar gidansu, ya koma La Natividad a 2023 har suka ci kofin, ban zarge shi ba ko kaɗan.

Mai ja da magana:

Ku yi haƙuri, ni ban yarda a riƙa cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba, a tsaya nan. Na je kallon atisaye a General Rodríguez, inda Ellerstina take, abin da na gani dukiya ce: filaye a jere, kowanne ya fi filin ƙwallon ƙafa sau da yawa, da barga bayan barga. Gonzalo Pieres babba gwani ne, ba musu, amma da kuɗin attajirin Ostireliya Kerry Packer aka kafa ƙungiyar. 'Ya'yansa Gonzalito da Facundo da Nicolás a cikin wannan suka buɗe ido. Ɗan wasa ɗaya yana zuwa wasan Palermo da dawakai fiye da goma. Yaron da Allah ya ba hannu amma ubansa ba shi da ko ɗaya, ta wace ƙofa zai shiga? Wannan yana damuna ƙwarai, domin na tabbata akwai gwanayen da ba za mu taɓa jin sunansu ba.

Mai kiwon dawaki:

Ɗan'uwa, rabin maganarka na karɓa. Cambiaso kansa bai gaji uba mai gol 10 ba, shi ya kai darajar yana ɗan 19, shi ya fara gidan. Amma batun dawaki kam ka yi gaskiya, har ma ya wuce yadda ka faɗa.

Ina Palermo a wasan ƙarshe na 2016, La Dolfina da Ellerstina. Na san Cuartetera, fitacciyar goɗiyar Cambiaso, daga hotuna. A ranar sai na ga ya hau ta, ya sauka, ya sake hawa wata ita, ya sauka, ya sake. Kwafin halittarta shida ya buga da su, lamba ce kawai ke bambanta su. Ni da na yi rayuwata ina haɗa uwa da uba ina jiran shekara biyar in ga abin da zai fito, jikina ya yi sanyi. Dama can sun daɗe suna cire ɗan tayi daga goɗiyar da ke gasa su dasa a cikin wata, ita tana fili 'ya'yanta suna zuwa duniya. To yaron da ya tashi a wannan gida, jinin dawakin da ubansa ya yi shekara 30 yana tacewa shi ake miƙa masa da linzami.

Dattijon 'yan kallo:

Duk na ji ku. Abu ɗaya nake so in ƙara, domin mu da muka daɗe muna bin gidajen nan mun ga kukansu ma. Horacio Heguy ƙarami ya rasa ido ɗaya a wasa, ya dawo ya ci gaba da bugawa. Tagwayensa Gonzalo ya rasu a haɗarin mota a 2000. 'Yan'uwa huɗu na Novillo Astrada sun haɗa manyan kofunan Ajantina uku, na Tortugas da Hurlingham da Palermo, a 2003 da ƙungiyarsu La Aguada, sai ciwo ya ɗauke Javier a 2014. A shekarar ce kuma Carlos Gracida, na babban gidan polo na Meziko, ya faɗi da doki a Florida ya rasu. A 2004 ɗin da na ba ku labari, ina kallon Chapaleufú ta ɗaya suna shigowa fili, idona yana ta neman na huɗunsu, alhali na san ba ya nan.

Mai buɗe zance:

Na gode, Baba. Malam ɗan barga, goɗiyar nan da ka yi jinya, ka sake ganinta?

Tsohon ɗan barga:

Sau ɗaya, ana saura kwana uku in bar gonar. An sauke ta daga gasa, an ba jikan gidan, ɗan shekara shida. Ni na ɗaure mata sirdi, na rage masa likkafa har ramin ƙarshe, na ɗaga shi na ɗora.