Neman shawara: zan sa a ɗaura mini wilin atisaye, wane kaya zan haɗa?

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya keke. Ina zaune a Kawo, Kaduna, kuma kusan kowace Asabar da Lahadi nakan fita bayan sallar Asuba in bi titin Zariya har Jaji in juyo. Keken nawa na tsere ne ɗan gwanjo, giya goma a baya, birkinsa mai kama gefen rim. Nauyina kilo 88. Wilin bayan da ya zo da shi sifok 24 ne kacal, kuma cikin wata biyu guda uku sun tsinke, duk a ɓangaren hagu, daidai wuyan da ya shiga hob, wato cibiyar wilin. Na ƙarshen ya tsinke mini ne wajen Maraban Jos, wilin ya karkace yana gugar birki, sai da na saki birkin baya gaba ɗaya na lallaɓo gida. Abin ya ishe ni.

Na yanke shawarar a ɗaura mini sabo da hannu, wanda zan riƙa atisaye da shi kullum. Na samu hob ɗin Shimano 105 na hannu, na gaba da na baya, kowanne mai ramin sifok 32, amma wani abokina yana ta ce mini in sayi mai rami 24 don ya fi sauƙin nauyi. Yayana zai dawo daga Ingila wata mai zuwa, zai iya riƙo mini ƙananan kaya. Don Allah me zan ce ya sayo, me kuma zan nema a nan?

Mai gyaran keke, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe hob ɗinka mai rami 32, kar ka saurari zancen sauƙin nauyi. Mutum mai kilo 88 a titin da rami ke ɓuya ƙarƙashin ruwa da damina, me zai yi da sifok 24? Idan ɗaya ya tsinke a wili mai 32, ɗan karkatar da zai yi kaɗan ce, ka ƙarasa gida a kan sirdinka. A ɗaura shi kowane sifok ya haye uku.

Kuma ka san abin da ke tsinka naka? Ba nauyinka kaɗai ba ne. Sifok na hagu a wilin baya dama ba su kai na dama ɗamewa ba, saboda giyoyi sun ci wuri a dama. In mai ɗaurin bai ɗame wilin sosai ba, duk juyin da taya ya yi sai na hagun su saki su sake kamawa, kamar mai lanƙwasa waya gaba da baya, har wuyan ya gaji ya karye.

Abu ɗaya da nake roƙonka: in za ka nemi rim a kasuwa, kar ka ce a ba ka "lamba 28". Za a miƙo maka na tsohon keken Raleigh ko Phoenix, wanda faɗinsa milimita 635 ne. Akwai kuma mai lamba 27, shi 630 ne. Naka 700C ne, wato 622. Duba jikin tayarka za ka ga an rubuta 25-622 ko makamancin haka. Na sha ganin wanda ya kawo mini rim yana murna, taya ta ƙi hawa.

Mahayi, Barnawa:
Oga, na yarda da kai a kan wilin baya, amma na gaba mai sifok 28 ma ya wadatar, ni da shi nake yawo shekara biyu ko sau ɗaya ban taɓa shi ba. Inda muka rabu shi ne hob. Da ƙurar hunturun Kaduna ni na fi son mai rufaffen boris, in ya fara ƙara a fitar da shi a buga sabo, shi ke nan. Sannan Malam, ka nemi rim mai faɗin ciki milimita 17 zuwa 19 ka sa taya mai faɗin milimita 28 in firam ɗinka da birkin za su bari. Tun da na bar taya 23 bayana ya huta.

Mai gyaran keke, Tudun Wada:
Rufaffen boris ba laifi, in ka san lambarsa kuma akwai shi a gari. Amma shi yana da Shimano a hannu, wanda boris ɗinsa a sake suke, ba rufaffe ba. Buɗe shi, wanke shi da kananzir, zuba sabon boris da giris, bai fi aikin rabin awa ba, kuma irin boris ɗin babu shagon kayan keke da ba shi da shi. Sau biyu a shekara ya isa, bayan damina da bayan hunturu.

Dattijo, Malali:
Ɗana, bari in sa baki a kan abin da yayanka zai riƙo, tunda sifok ne abin da ke da wuyar samu mai kyau a nan, kuma ba shi da nauyi a jaka. Ka ce ya sayo na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kauri a bakuna biyu da siririn tsakiya, milimita 2.0 da 1.8 da 2.0. DT Swiss Competition da Sapim Race duk haka suke. Mutane na ɗauka mai kauri ɗaya tun daga sama har ƙasa ya fi ƙarfi, alhali siririn tsakiyar nan shi ke ɗan miƙewa ya ɗauke wa wuya da zare wahala, kuma can ne sifok ke karyewa.

Notin sifok kuwa na tagulla za ka ce, ba na alminiyum ba. Na alminiyum in ya sha ruwan damina biyu sai ya kafe, ka sa masa makulli kansa ya murje.

Amma kada ka aika masa tsayin sifok sai rim da hob suna gabanka an auna su. Tsayin ya dogara ne da zurfin rim da girman kunnen hob (inda ramukan sifok suke) da yawan hayin da za a yi, kuma a wilin baya na dama sukan gaza na hagu da kamar milimita biyu. Ni na taɓa yin odar guda 64 da ka, suka zo sun zarce, har yau suna cikin durowa. Ka ƙara guda huɗu a kowane tsayi don ajiya. In mai ɗaurin yana da ma'aunin ɗamewa, na dama a baya su kai wajen kilo 110 zuwa 120. In ba shi da shi, ya riƙa ƙyasta su da yatsa yana saurare, na ɓangare ɗaya su yi amo ɗaya, kuma ya matse su bibbiyu da hannu da ƙarfi kafin ya ce ya gama.

Mahayi, Unguwar Rimi:
In rim na gwanjo za ka saya, ɗora bakin rula a inda birki ke kamawa. Ka ga haske na wucewa ta tsakiya sosai, ya ci, bar musu kayansu. Duba kuma gefen ramukan sifok ko akwai tsaga. Kuma ka sa sabon kyallen cikin rim, kar a naɗa maka salatif.

Mai tambaya, Kawo:
Allah ya saka muku da alheri, Baba na gode ƙwarai. Na tsaya a kan 32 gaba da baya, tunda hob biyun tare na saye su. Na auna tsakanin ƙafafun firam na baya, milimita 130 ne, daidai da hob ɗin. Sai dai Oga, da na buɗe na bayan ɗazu na ga kon ɗin dama, ƙarfen da boris ke birgima a kansa, ya yi ƙananan ramuka kamar an sossoke shi da allura. In haƙura da shi ne?

Mai gyaran keke, Tudun Wada:
A'a, kon ana canza shi, ka ce yayanka ya haɗo da shi, lambar hob ɗin tana jikinsa ka ɗauka a hoto ka tura masa. Kofin da ke cikin hob ɗin, inda boris ke zama, shi ne abin dubawa, don shi ba ya fita. Goge giris ɗin tas, ka bi hanyar boris da bakin biro a hankali. In ya wuce sumul, hob ɗinka lafiya lau. In ka ji yana tuntuɓe, kawo shi gobe bayan La'asar in gani kafin ka kashe kuɗin sifok.